Zai Dawo ne, Ko Da Ya Dawo?

'Ya'yana, akwai magana biyu da ke yawo a gidan nan tun shekarar da na yi aiki a Anka, kuma ina so in kashe su da hannuna tun ina da sauran numfashi. Ta farko, wai na koyi Sifaniyanci ne don ina son wata Baturiya. Wannan Baffanku Alhaji Garba ne ya ƙago ta, Allah ya jiƙansa, kuma ko shi bai yarda da ita ba, neman bakina kawai yake yi. Ta biyu ce ke ci mini rai, wai na yi wa Innarku ƙarya na ce Yayanku zai dawo gobe, har ta share ɗaki ta dafa kifi ta zauna jira. Ban yi mata ƙarya ba. Abin da kunnena ya ji shi na kai mata, kuma in kun bi ni a hankali za ku ga cewa ko alƙali aka ba wannan kalma sai ta juya masa kai.

Kun san yadda Yayanku ya bar Gummi. Ya ce zai bi hanyar hamada ya tsallaka ruwa zuwa Sifaniya, na ce ba da yawuna ba. Ya nace, ni kuma a zauren nan na ce masa in ya tafi kada ya neme ni. Har yau ban ga laifina ba, don babu uban da zai sa wa wannan hanya albarka da sanyin zuciya. Da ya isa ya bugo waya sau ɗaya, aka miƙo mini, na ce a ce masa ina gaishe shi. Daga nan shiru, shekara ta bi shekara. Innarku ba ta taɓa ce mini uffan a kai ba, sai dai duk ranar da ta yi tuwon shinkafa da miyar kifi, abincin da ya fi so, takan rasa yunwa.

A lokacin na riga na ajiye koyarwa a firamare. Da gubar dalma ta kwantar da yara a ƙauyukan da ake daka dutsen zinari, likitoci daga ƙasashen waje suka zo Anka, aka nemi masu ɗan Turanci su tsaya tsakaninsu da iyaye mata. Aka ɗauke ni tafinta. Turancina na buɗe baki, haɗiye magani, dawo ranar kaza ne, kuma ya ishi aikin. A ɗakin da nake akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Sifaniya mai suna Pilar, mata suka mai da ita Sista Fila. Gajeruwa ce mai saurin tafiya da saurin magana, ga ta da son koyon Hausa, ko da yake kullum sai ta gaida namiji da gaisuwar mace. Nakan kwana Anka kwanakin aiki, in hau mota in zo gida ƙarshen mako.

Wani zuwa da na yi gida sai na tarar da tsakar gida a cike. Ashe wani mai gyaran waya a Bukkuyum, wanda ƙanensa ke gari ɗaya da Yayanku a can, shi ne ya turo wani ɗan hoton bidiyo. Ga Yayanku tsaye, ya yi ƙiba ya ajiye gemu, bayansa farin bango, ya faɗi magana guda da wani harshe, sai muryar wata mace ta ce wani abu, aka yi tafi, hoto ya ƙare. An maimaita shi har wayar ta yi zafi. Babu wanda ya san abin da ya ce, amma babu wanda bai da fassara.

"Kotu ta," in ji Alhaji Garba. "Ba ku ji ba? Riga, shari'a. Ya ɗauki rigar wani, an kai shi shari'a. Dama na hwaɗi."

"Wa ka yin tafi a kotu, Alhaji?" in ji Innarku daga bakin ƙofa. "Ni dai na ji Gummi, kuma na ji ya ce manyana. Manyanshi shika gaisuwa."

"Manyanshi? Da shina da manya da ya tahi?"

Ni ma na ji Gummi, na ji manyana, kuma na ji shari'ar. Na sa aka tura hoton cikin wayata, na ce a Anka akwai mai harshen.

Ranar da na koma na tare Sista Fila tana tsakiyar auna yara, na miƙa mata. Ta saurara sau ɗaya, ta mayar mini da Turanci a gurguje, idonta na kan ma'auni. Na kama dawowa, na kama Gummi, na kama gobe, don ashe manyanan Innarku gobe ce a harshensu. Na ji ta ambaci uba a ƙarshe, na ɗauka gaisuwa ce gare ni. Akwai kalmomin Turanci biyu da suke kama da juna, will da would, ɗaya ta zai, ɗaya ta da, na koyar da su a aji shekara da shekaru, amma a bakin Sista, da irin lafazinta, ga kukan yara ga ɗokina, zai na ji. Ban jira ƙarshen mako ba. Na nemi izini na hau motar Gummi, na shiga gida ko takalmi ban gama cirewa ba na ce wa Innarku yaron nan ya ce gobe yana dawowa.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Ta share ɗakinsa ta yayyafa ruwa, ta aika bakin gulbi aka sayo ɗanyen kifi, ta jiƙa shinkafa. Gobe ta zo ta wuce. Innarku ta ce ai ba mu san ranar da aka ɗauki hoton ba, wataƙila gobensa ba tamu ba ce, ta sake dafawa. Duk mashin ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta ajiye ludayi. Alhaji Garba ya ci kifin nan har ya gaji, yana ci yana cewa ai wanda ke hannun shari'a ba ya sa ranar tafiya. Ni kuwa cikin kunya da haushi na koma Anka da niyyar in ji dalilin da Sista za ta yi wasa da hankalin dattijo.

Da na gaya mata sai ta dafe kai da hannu biyu. Lokacin hutun rana ta ja ni ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan ɗakin yara, ta tsinci kara ta rubuta kalma biyu a ƙasa: regresaré da regresaría.

"Malam, duba," ta ce. "Ta farko, zan dawo. Ta biyu ita ya faɗa. Ba alkawari ba ce."

"To mece ce?"

"Da na dawo. Da kaza ya faru, da na dawo."

"Wato ba zai dawo ba?"

"Ban ce ba."

"Zai dawo ke nan?"

"Shi ma ban ce ba."

Na dube ta, na dubi ƙasa. Tsakanin ɗana ya dawo da kada ya dawo ashe 'yar wutsiya ce da ba ta kai tsawon yatsa ba. Jinin malanta ya motsa, na ce ta koya mini abin daga tushe, don na gaji da karɓar magana a hannun mutane. Ta ce ai wannan shi ne mafi sauƙi a harshensu. Ka ɗauki aikatau yadda yake, ba ka yanke masa komai, ka liƙa masa ía a ƙeya. Hablar yin magana, hablaría da na yi magana. Comer ci, comería da na ci. Vivir zama, viviría da na zauna. In kai ne, a ƙara s, hablarías. In mu ne hablaríamos, in su ne hablarían. Ta ce akwai 'yan tsirarun aikatau masu taurin kai da ke sauya jiki, amma in bar su, na Yayanku ba ya cikinsu. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina harshen da ke da tsari haka ba zai gagare ni ba, na yini ina liƙa wa kalmomi wutsiya.

Daɗin bai kwana biyu ba. Ina tsaye sai na ji ta ce wa wani likita ɗan ƙasarsu, me ayudarías, ya taso ya riƙe mata yaro. Na ce Sista, ina sharaɗin a nan? Ta ce babu, wannan ladabi ne, maimakon ka ce taimake ni sai ka ce ko za ka taimake ni. Na ce to, ashe wutsiyar aiki biyu take yi. Ta ce uku. In mutum yana ba da labarin abin da wani ya ce zai yi, ita ake sawa, dijo que regresaría, ya ce zai dawo. Na yi tsalle na ce to ga zai ɗin nan da kika hana ni! Ta ce a'a, wancan zai ne na jiya, ba na gobe ba. Ina cikin juya zai na jiya a kaina, abin da ban taɓa jin labarinsa ba, sai ta ƙara da cewa kuma regresaría ɗin nan, ni ne ko shi ne, duk ɗaya ake faɗa. Wato yaron nan zai iya nufin da na dawo, ko da wani ya dawo, ko yana roƙo ne cikin ladabi, ko yana ba da labarin tsohon alkawari. Na ce mata ku dai Allah ya ba ku harshen da mutum zai yini yana magana ba a kama shi da ko ɗaya ba. Ta yi dariya ta ce ai ku ma kuna da in Allah ya yarda, wata mace ta faɗa mata sau uku ba ta kawo yaron ba.

Makonni na yi a haka. In na zo gida Innarku ta tambaye ni, in ce ana kan bincike. Ta daina dafa kifi, amma ba ta daina share ɗakin ba. Alhaji Garba ya ji ni ina maimaita comería, comerías a zaure, shi ne ya fita ya baza cewa Baturiya ta shanye ni. A gaskiya ni kaina na fara shakkar hankalina. Ina alwala kalmomin na zuwa, ina cikin mota suna zuwa, har wani direba ya tambaye ni ko addu'ar hanya ce sabuwa.

Rannan na ce wa Sista mu bar wutsiya mu koma kan jimlar gaba ɗaya, ta faɗa mini ita kalma-kalma. Ta kunna, ta tsayar, ta kunna. Regresaría a Gummi mañana si mi padre me llamara.

"Da na koma Gummi gobe," ta ce a hankali, "da mahaifina zai kira ni."

"Ba gaisuwa ba ce?"

"Ba gaisuwa ba ce, Malam. Sharaɗin ne. Na faɗa maka tun ranar farko, ka riga ka kai ƙofa."

"Kira wane iri? Na waya, ko na suna?"

"Kalmar ɗaya ce. Da ita muke buga waya, da ita muke kiran suna."

Ba ta san abin da ta taɓa ba. Yayanku ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba, haka ubana bai taɓa furta na Alhaji Garba ba, haka muka tarar. Kai nake ce masa, ko yaron nan. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a ganinmu ita ce ƙauna mafi nauyi. Na yi ƙoƙarin bayyana wa Sista, ta yi ta kallona kamar na ce mata ban taɓa shan ruwa ba. To yanzu wanne yake nufi? In waya ce, ni da na ce kada ya neme ni, ni zan neme shi? In suna ne, ina zan kai fuskata a Gummi? Kafin in fita daga wannan ramin sai ta tura ni wani.

"Akwai abin da ya kamata ka sani," ta ce. "Matar da ta yi magana a ƙarshe cewa ta yi, da kyau ƙwarai. Ina jin aji ne na koyon harshe. Ana ba su darasin wannan wutsiyar, kowa ya tashi ya kawo jimla."

"Wato misali ne kawai?"

"Mai yiwuwa. Mai yiwuwa kuma ba misali ba ne."

Na san wannan aikin, na sa yara sun yi shi. Yaro yakan tashi ya ce Audu ya sayi doki, ba Audu ba doki. To a kan irin wannan jimla zan zubar da girman da na tara shekara da shekaru? In na buga ya ce Baba ai darasi ne, da wane ido zan dubi kowa? In kuma ban buga ba alhali da gaske yake, to ni ne ƙofar da ta hana shi shiga gida, ba ruwa ba, ba hamada ba. Na rasa na kamawa. Abin da ya raba gardamar ba hikima ba ce. Na dawo gida ne na tarar da Innarku ta fito da tabarmarsa tana shanyawa a rana, ta gan ni ta yi sauri ta ce wai gara take dubawa.

Na sa aka karɓo lambarsa daga Bukkuyum. Na shirya dabara, na ce da Sifaniyanci zan fara, don abin da bakina ba zai iya da Hausa ba wataƙila ya iya da harshen da ba ya jin kunyarsa. Kalma ɗaya na tanada, regresarías, ko za ka dawo. Na yi ta bitar ta a mota tun daga Anka. Ranar Juma'a ce bayan la'asar. Wajen rumbu ne kaɗai waya ke kamawa sosai a gidan nan, ga Alhaji Garba kuwa a kan tabarma daf da wurin, ya ƙi tashi. Innarku tana bakin murhu, ta ba mu baya. Aka ɗauka, na ji muryarsa, sai s ɗin ta gudu ta bar ni.

"Regresaría," na ce da ƙarfi.

Sai ya ce, "Wa ka magana? Baba? Baba, ina za ka komawa?"

Dabara ta ƙare. Ba ni da wata kalma a harshensu, kuma Hausar duk ta tsere. Na dubi Alhaji Garba, ya kafe ni da ido. Na juya masa baya na fuskanci rumbu.

"Lawali," na ce.

Sunan ya fito mini baƙo a baki, kamar ba ni na zaɓa masa shi ba. A bayana na ji Alhaji ya yi salati ya kwashi takalmansa. A waya kuwa sai numfashi, sai wani sauti da na gane kuka ne ake dannewa. Na bar shi ya gama. Sannan na yi tambayar da ta hana ni barci.

"Maganar da kay yi cikin hoto, darasi na ko gaskiya ta?"

"Malama tac ce kowa shi kawo jimla mai da. Wani yac ce da shina da mota da ya zaga duniya. Ni wagga taz zo min, Baba. Ban nemo ta ba."

"Kiran waya kaka nuhi ko na suna?"

"Wallahi ban sani ba. Ko wanne."

"To na yi duka biyu. Yanzu hwa?"

"Ban da takarda, Baba. In nit taho yanzu ba ni samun komowa, kuma aikin da nika yi ya tahi ke nan. Ka ba ni lokaci."

Kun gani, bayan duk wannan wahala ban samu zan dawo ba, ban samu ba zan dawo ba. Sai da takardunsa suka fito, shekaru bayan nan, kuka je tasha kuka tarbo shi. Ni kuwa na biya kuɗin kalmata tun a ranar. Alhaji Garba ya yi damina guda ba ya zama inda nake, ya kai maganar har ƙofar masallaci, tsarata suka riƙa tambayata ko Turawan Anka sun raba ni da kunya ne. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba, kuma har yau ban tabbata ba ko ubana zai yafe mini da yana raye.

Amma ban gama da ranar ba. Ina shirin kashe waya sai na ga Innarku tsaye a gefena, hannunta duk gari, tana goge shi da zane. Kun san kunyar uwa ga ɗan fari ta ninka ta uba, ita ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane.

"Mi yac ce? Shina tahowa?"

"Bai ce e ba, bai ce a'a ba."

"Na ji abin da kac ce mai," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ba ni nan."

Na miƙa mata. Ta kara a kunne da hannu biyu. Na ga ta buɗe baki, leɓenta ya motsa, ta rufe. Ta sake buɗewa, ba abin da ya fito sai iska, hawaye na bin fuskarta. Na san ba za ta iya kiran sunansa ba, na kai hannu in karɓa in rufa mata asiri. Wayar tana da ƙarfin murya, har inda nake tsaye na ji shi.

"Na'am, Inna," ya ce.